"A Sa Ni a Addu'a": Sharhi kan Yadda Ake Furta Damuwa a Shafukan Sada Zumunta

Shekaru kaɗan da suka wuce, da wuya Bahaushe ya fito bainar jama'a ya ce ransa ya ƙuntata har barci ya gagare shi. Yanzu kuwa duk mai hawa Facebook ko TikTok, ko mai leƙa abin da mutane ke ɗorawa a WhatsApp, ya saba cin karo da irin wannan furuci, wani a fili, wani a lulluɓe. Wata za ta rubuta "na gaji" ta yi shiru. Wani ya sa baƙin hoto ya ce a sa shi a addu'a. Wani saurayi ya ce "difireshan" na neman kashe shi, sannan ya bi maganar da fuskokin dariya.

Jama'a sun rabu a kan lamarin. Wasu na ganin neman suna ne da kwaikwayon Turawa. Wasu sun ce raunin imani ne. Wasu kuma, galibi matasa, sun ɗauki kowane ɓacin rai a matsayin cutar da sai an ga likita. Tushen ruɗanin shi ne mun yi saurin koyon rubuta damuwarmu a waya, amma karanta damuwar wani a cikin 'yan kalmomi, ba murya ba fuska, har yanzu yana ba mu wuya. Kuma a ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwa suka yi ƙaranci, amsar da mai damuwa ya samu a ƙarƙashin rubutunsa kan zama taimakon farko da zai samu, wani lokaci ma ita kaɗai ce.

Ma'anar kalmomin da ake cakuɗawa

Lafiyar ƙwaƙwalwa, a yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fassara ta, ita ce mutum ya kasance cikin halin da zai iya jure matsin rayuwa na yau da kullum, ya yi karatu ko aiki yadda ya kamata, ya kuma amfani al'ummarsa. Ke nan kowa yana da ita, tana kuma ƙaruwa tana raguwa kamar lafiyar jiki.

Baƙin ciki daban, ciwon damuwa daban. Wanda aka yi wa rasuwa, ko ya faɗi jarrabawa, ko jarinsa ya karye, dole ya yi baƙin ciki, kuma yawanci abin kan lafa da kansa. Ciwon damuwa, wanda matasa ke kira "difireshan" da aron kalmar Turanci, shi ne ƙuncin da ya zauna wa mutum kusan kowace rana har mako biyu ko fiye, ya cire masa sha'awar abubuwan da da yake jin daɗinsu, ya dagula masa barci da cin abinci, ya sa ya riƙa ganin kansa ba shi da amfani, wani lokaci har ya fara tunanin mutuwa ta fiye masa. Ƙididdigar hukumar ta 2019 ta nuna kimanin mutum miliyan 280 ne ke fama da shi a duniya. Ciwon fargaba kuwa tsoro ne da faɗuwar gaba da suka wuce kima, ba sa barin mutum ya sake. Akwai kuma firgicin bayan bala'i, wanda ke bin wanda ya ga kisa, ko aka yi garkuwa da shi, ko aka yi wa fyaɗe: abin ya riƙa dawo masa a mafarki da ido biyu. Abin da jama'a ke kira hauka, wato mutum ya riƙa jin muryoyi ko ganin abin da babu, wani reshe ne guda na taɓin ƙwaƙwalwa, kuma masu shi su ne 'yan tsiraru a cikin marasa lafiyar.

Ta ɓangaren waya, "sitatus" shi ne rubutu ko hoton da mutum ke ɗorawa a WhatsApp ya ɓace bayan sa'a 24. "Imoji" su ne 'yan fuskoki da alamomin da ake sa wa rubutu don nuna dariya ko kuka ko ƙauna. "Algoridim" kuma shi ne lissafin da kamfanin shafin ya tsara wa na'ura, wanda ke zaɓar abin da za a nuna wa kowane mai amfani gwargwadon abin da ya saba tsayawa a kai.

Daga tsakar gida zuwa allon waya

Tarbiyyar Bahaushe ta ginu a kan kunya da kara da haƙuri da rufin asiri. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma wanda ya iya haɗiye abin da ke damunsa shi ne mai dattako. Amma al'adar ba ta bar mutum ba mafita ba. Mace na da aminiyarta da gwaggonta, jika na iya faɗa wa kaka abin da ba zai faɗa wa uwa ba, magidanci na da majalisarsa da malaminsa. Waɗannan kafofi sun yi rauni a birane, inda amarya kan tare a gidan haya nesa da danginta, ɗalibi kuma ya yi shekaru a garin da ba shi da kowa.

Abin da al'adar ba ta taɓa sassauta wa ba shi ne duk wani abu mai kama da taɓin hankali. Wani bincike da aka wallafa a 2004, wanda aka yi a ƙauyen Karfi na jihar Kano, ya tambayi mutane abin da suke ganin yana jawo taɓin ƙwaƙwalwa. Shaye-shaye ne ya zo na farko, sai fushin Allah ko ƙaddara, sai sihiri da aljanu. Idan haka jama'a ke kallon abin, wanda ya ce yana da matsala tamkar ya tuhumi kansa ne. Tabon ba ya tsayawa a kansa: ranar da aka zo binciken aure, za a ce akwai abin a gidansu. Sunayen Dawanau a Kano da Kware a Sakkwato da Barnawa a Kaduna, inda asibitocin ƙwaƙwalwa suke, har sun zama abin zolaya a bakin mutane. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka kuɓutar da mutum fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa, wasunsu ɗaure da sarƙa, abin da ya nuna inda iyalai da yawa ke kai wanda suka rasa yadda za su yi da shi. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga al'ummar da ta haura miliyan 200, kuma har zuwa Janairun 2023, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ƙasar na aiki ne da Dokar Mahaukata ta 1958.

A cikin wannan hali waya ta shigo hannun kowa, a daidai lokacin da abin damuwa ya yawaita: rikicin Boko Haram tun 2009, 'yan bindiga a Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna, annobar korona, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta ƙara yawan masu ciwon damuwa da fargaba da kashi 25 cikin ɗari a shekararta ta farko, sai tsadar rayuwa bayan cire tallafin mai a 2023. Masanin halayyar ɗan Adam John Suler ya bayyana tun 2004 dalilin da ke sa baki ya buɗe a intanet: ba a ganin fuskarka, kana iya ɓoye sunanka, kuma ba dole ka fuskanci amsa nan take ba. Kunya aba ce ta ido da ido, idan aka raba ido da ido sai ta yi sauƙi.

Rigunan da damuwa ke sawa

Ko da bakin ya buɗe, ba kasafai Bahaushe ke kiran abin da sunansa ba. Hanyar da ta fi yawa ita ce addu'a. "Ya Allah ka kawo min mafita", "a sa ni a addu'a", "Allah kai ka san halin da nake ciki". Wannan furuci yana da kariya ta kowace fuska: ba wanda zai zarge ka da rashin tawakkali, ba ka tona asirin kowa ba, amma ka sanar da cewa akwai abin da ke cin ka. Matsalarsa ita ce kalmomin iri ɗaya ne ga mai jiran sakamakon jarrabawa da wadda ta yi wata uku ba ta yi barcin kirki ba. Mai karatu ba zai bambance su ba sai ya lura da abin da ke kewaye: sau nawa ake maimaitawa, da wane lokaci ake ɗorawa, da ko mutumin ya canza daga yadda aka san shi.

Sai yaren jiki. Mutum zai ce kansa na sarawa, ƙirjinsa ya yi nauyi, olsa ta tashi, jininsa ya hau, tunani ya yi masa yawa. Ba ƙarya yake yi ba, domin ciwon damuwa da fargaba suna taɓa jiki da gaske, kuma ciwon jiki ba abin kunya ba ne, ana zuwa dubiya a kansa. Likitoci sun daɗe da sanin wannan a Afirka. A Zimbabuwe, 'yan ƙabilar Shona na kiran halin da sunan da ke nufin yawan tunani, kuma da wannan suna likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya yi aiki lokacin da ya horar da tsofaffin mata su riƙa zama a kan benci a harabar asibitoci suna sauraron masu damuwa. Matan da ke jego ma kan faɗa rukunin masu yaren jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta kusan mace ɗaya cikin biyar a ƙasashe masu tasowa na fuskantar matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi ciwon damuwa, amma abin da za ka gani a zauren mata na WhatsApp shi ne tambayar maganin ciwon kai da rashin ƙarfin jiki.

Habaici ma ya samu sabon gida. Sitatus ya dace da shi sosai, domin mai ɗorawa yana ganin sunan duk wanda ya duba, kuma abin zai ɓace kafin ya zama hujja. Sau da yawa mutum ɗaya ake nufi, miji ko kishiya ko saurayi ko ɗan'uwa, sauran masu kallo shaidu ne kawai.

Maza suna da nasu salon, kuma shi ya fi wuyar ganewa. Wanda aka rena da cewa namiji ba ya kuka yakan mayar da ƙuncinsa barkwanci ko faɗa. Raha kan talauci da bashi da rashin aure ta cika shafukan samari, kuma mafi yawanta raha ce kawai da ke rage zafi. Sai dai a cikinta akwai wanda ke gwada ruwa: ya faɗi gaskiyar magana ya sa mata imojin dariya, idan an tausaya ya samu, idan an yi masa ba'a ya ce wasa yake. Wani kuma ba ya raha sam, sai zafin rai, kowa ya taɓa shi ya sha zagi. Saurin fushi na daga cikin alamomin da ciwon damuwa kan fito da su a jikin maza da matasa, amma a shafi sunansa rashin tarbiyya, kuma ba mai tambayar abin da ya sauya shi.

Inda ake fayyace komai dalla-dalla shi ne shafukan da ake tura wa saƙo a ce "don Allah a ɓoye sunana". A nan ne za ka karanta labarin duka a gidan aure, da cin zarafin da aka yi wa mutum tun yana yaro, da wanda ke cewa ya gaji da rayuwa. Wani nazari da Munmun De Choudhury da Sushovan De suka yi a 2014 kan zaurukan lafiyar ƙwaƙwalwa na shafin Reddit ya nuna masu amfani da sunan wucin gadi sun fi sakin jiki su faɗi abin da ya fi nauyi. A Arewa an ga ƙarfin irin wannan buɗe baki a farkon 2019, lokacin da mata suka riƙa ba da labarin cin zarafin da aka yi musu a Twitter ƙarƙashin maudu'in ArewaMeToo. Amma ɓoye suna yana da tsada. Mai shafin ya san ko wace ce, labarin na jawo masa mabiya da talla, kuma 'yan bayanai kaɗan sun isa dangin miji su gane mai maganar.

Wasu masu ilimin boko sukan sauya harshe da zarar maganar ta zo kan ƙwaƙwalwarsu, su koma Turanci, saboda yana sa tazara tsakaninsu da abin, kuma iyaye ba za su karanta ba. Akwai kuma wanda alamarsa shiru ce: ya goge hotunansa, ya fice daga zauruka, ya daina amsa saƙo.

Abin da bincike ya gano, da inda ya tsaya

Masana sun daɗe suna neman sawun ciwon damuwa a cikin rubutu. A 2018 wasu masu bincike a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka suka kwatanta rubuce-rubucen Facebook na marasa lafiya 683 da takardunsu na asibiti, da izininsu. Sun ga waɗanda daga baya aka tabbatar suna da ciwon damuwa sun fi yawan ambaton kansu, wato "ni" da "nawa", da kalmomin kaɗaici da kuka da ƙiyayya, kuma alamar kan bayyana wata uku kafin likita ya rubuta cutar. A shekarar dai, masu bincike a Jami'ar Reading ta Ingila suka gano cewa kalmomin yanke hukunci irin su "kullum", "sam" da "gaba ɗaya" sun fi yawa a zaurukan masu damuwa, sun kuma fi tsananta a na masu tunanin kashe kansu. Wannan ya dace da abin da likitoci suka sani, cewa ciwon na ƙuntata tunani har mutum ya daina ganin tsaka-tsaki. "Ba wanda ya damu da ni" da "ba abin da zai taɓa gyaruwa" sun fi "raina a ɓace yake" nauyi, ko da ba su yi kama da kuka ba.

Sai dai kusan duk waɗannan nazarce-nazarce a kan Turanci aka yi su, kuma ko a Turancin ba su game kowa ba. Wani bincike da aka wallafa a 2024 ya nuna alamomin da ke aiki a rubutun fararen fata na Amurka ba sa aiki yadda ya kamata a rubutun baƙaƙen fatar ƙasar. Idan haka ne tsakanin masu harshe ɗaya, sai a auna nisan da ke tsakaninsu da Bahaushen da ko yana kan gadon asibiti zai ce "da sauƙi" kuma ya buɗe kukansa da "Alhamdulillah". Tun 2017 Facebook ke amfani da na'ura wajen tsinto rubutun da ke nuna mutum na iya cutar da kansa, amma na'ura ba ta gane abin da ba a koya mata ba. Aikin koya mata Hausa bai daɗe da farawa ba. A 2022 ayarin masana da Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero ya jagoranta suka fitar da NaijaSenti, tarin rubuce-rubucen Twitter na Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin buroka waɗanda mutane suka tantance yanayinsu, mai daɗi ne ko marar daɗi ko tsaka-tsaki, sannan a 2023 aka faɗaɗa aikin zuwa harsunan Afirka 14. Muhimmin mataki ne, amma gane cewa rubutu marar daɗi ne bai kai ga gane cewa mai shi na cikin haɗari ba. A yanzu dai, mai iya karanta damuwar Bahaushe wani Bahaushen ne.

Akwai kuma batun yaɗuwa. A 2014 aka wallafa wani gwaji da Facebook ya yi a kan mutum 689,003 ba da saninsu ba, inda aka rage wa wasu rubutu masu daɗi, wasu kuma marasa daɗi, na tsawon mako guda. Rubutun mutanen ya karkata zuwa irin abin da aka nuna musu, ko da yake karkatar ƙarama ce ƙwarai, kuma gwajin ya sha suka. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne yadda algoridim ke ƙara wa mai duba abin baƙin ciki irinsa. A 2022 mai binciken musabbabin mutuwa a Landan ya yanke cewa abubuwan da wata yarinya 'yar shekara 14 ta riƙa gani a Instagram da Pinterest sun taimaka wajen mutuwarta a 2017.

Amsar da ake mayarwa

Abin da ya fi yawa a ƙarƙashin irin wannan rubutu shi ne "Allah ya yaye", "ki yi haƙuri", "ka riƙe azkar". Addu'ar ɗan'uwa alheri ce, kuma mai damuwa na jin sanyinta. Cikas ɗinta ɗaya ne: sau da yawa da ita ake rufe zancen. Mutum ɗari biyu sun ce amin, ba ko ɗaya da ya bi ta akwatin saƙo ya ce, "'Yar'uwa, tun yaushe kike jin haka? Kina samun barci? Akwai wanda ya sani a gida?" Wannan tambaya ita ce ke raba mai ɓacin ran kwana biyu da wadda ke buƙatar asibiti.

Wasu amsoshin cutarwa suke yi kai tsaye. "Wasu sun fi ka shiga matsala" na ƙara wa mutum ganin laifin kansa. "Da kana salla da ba ka shiga wannan hali ba" hukunci ne a kan abin da mai faɗa bai sani ba. Akwai masu yanke cewa sammu ne ko aljanu tun ba su ga mutumin ba, da masu tallar magani da ke zuba lambar waya, da masu ɗaukar hoton rubutun su yaɗa don a yi dariya. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya ba zai sake magana ba, kuma duk mai irin halinsa da ya gani ya koyi darasi.

Idan maganar ta kai ga ambaton mutuwa, mutane kan ji tsoron tambaya, wai kada su sa wa mutum ra'ayin. Nazarin masana bai goyi bayan wannan tsoro ba: tambayar mutum a natse ko yana tunanin kashe kansa ba ta ƙara haɗarin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Abin da ke ƙara haɗari shi ne yayata hanyar da wani ya bi, da hotonsa, da saƙonsa na ƙarshe. Masanin zamantakewa David Phillips ya nuna tun 1974 cewa irin wannan mutuwa kan ƙaru bayan jaridu sun kambama labarinta. An ga alamar haka a Najeriya a 2019, lokacin da sunan wani maganin ƙwari ya zama abin raha a shafuka, har hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da shi. A ɗaya ɓangaren, binciken da aka yi a Ostiriya a 2010 ya nuna labarin wanda ya shiga ƙunci ya kuma samu mafita yana da nasaba da raguwar irin wannan mutuwa.

Inda ra'ayoyi suka saɓa

Masu cewa raunin imani ne suna da abin da suke karewa, domin addini da jama'ar masallaci na daga cikin abin da ke riƙe mutane da yawa. Amma tarihin Musulunci bai mayar da baƙin ciki aibi ba. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu an san ta da Shekarar Baƙin Ciki, kuma Alƙur'ani ya ba da labarin yadda idanun Annabi Yaƙub suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da Annabi Yusuf. Malamin nan Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafi kan lafiyar jiki da ta rai, inda ya raba baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda ke zuwa ba dalili, ya ce na biyun yana da alaƙa da jiki kuma yana buƙatar magani. Mai ciwon suga yana addu'a yana kuma shan maganinsa, ba wanda ya tuhumi imaninsa.

Masu cewa neman suna ne su ma ba su rasa hujja ba. Shafukan suna saka wa abin da ya motsa rai da yawan masu kallo, kuma akwai masu kukan ƙarya don tara mabiya ko kuɗi. Sai dai kuskuren biyu ba nauyinsu ɗaya ba. Idan ka tausaya wa maƙaryaci, 'yan mintuna ka yi asara. Idan ka yi wa mai gaskiya ba'a, ba ka san abin da zai biyo baya ba.

Damuwar likitoci ta wani gefen ce: mutane na yanke wa kansu cuta daga bidiyon minti ɗaya. Wani nazari da aka wallafa a Kanada a 2022 ya duba bidiyo 100 mafi farin jini a TikTok kan lalurar rashin natsuwa, ya samu 52 na ɗauke da bayani mai ɓatarwa. Idan kowane ɓacin rai ya zama "difireshan", kalmar za ta yi arha, mai ciwon gaske ya rasa abin da zai kira nasa.

A kan ko shafukan ne ke haddasa ciwon, masana ba su daidaita ba. Jonathan Haidt, a littafinsa na 2024, ya ɗora wa wayar zamani alhakin taɓarɓarewar lafiyar ƙwaƙwalwar matasa a Amurka da wasu ƙasashe. Amy Orben da Andrew Przybylski na Jami'ar Oxford kuwa, bayan nazarin bayanan dubban ɗaruruwan matasa a 2019, sun ce alaƙar ƙarama ce ƙwarai. Ostireliya ba ta jira a gama muhawarar ba, ta yi dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a 2024. Duk wannan gardama an gina ta ne a kan matasan ƙasashe masu arziki. Yarinyar da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyensu ba waya ce ta jawo mata firgici ba, wataƙila ma ita ce kaɗai wurin da take iya faɗarsa.

Abin da zai iya biyo baya

Alamu sun nuna ƙyamar na raguwa, musamman tsakanin matasan birni. Ƙungiyoyi irin su She Writes Woman, wadda Hauwa Ojeifo ta kafa a 2016 bayan ta yi fama da nata ciwon, da Mentally Aware Nigeria Initiative, sun yi amfani da shafukan wajen wayar da kai da haɗa mutane da masu ba da shawara. Gidauniyar Neem ta Dakta Fatima Akilu ta kai irin wannan taimako ga waɗanda rikici ya shafa a Borno. Amma mafi yawan bayanan da ke yawo da Turanci suke, kuma giɓin da aka bari a Hausa masu tallar magani ne ke cike shi.

Rubutu kuma ba ya mutuwa. Abin da budurwa ta ɗora tana shekara 19 na iya fitowa ranar da ake binciken aurenta, kuma wannan tsoro zai ci gaba da tura mutane zuwa habaici da sunan aro. Doka ma na da hannu a shirun. Sashe na 231 na kundin Penal Code da ake aiki da shi a Arewa, da sashe na 327 na Criminal Code a Kudu, sun tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Ghana ta soke irin wannan tanadi a 2023, kuma likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya sun daɗe suna neman a yi haka, domin wanda ke tsoron 'yan sanda ba zai nemi likita ba.

Babban ƙalubalen shi ne inda za a tura wanda ya yarda ya nemi magani. Wayar da kai na gudu, asibiti na rarrafe. Sabuwar dokar da aka sa wa hannu a 2023 ta tanadi sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da asusun tallafa masa, kuma tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ke da shirin horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane ciwon damuwa su kuma fara magance shi ba sai an jira ƙwararre ba. Ga mutumin Gumel ko Ƙaura Namoda, wanda zuwa Dawanau ko Kware ke nufin kuɗin mota da kwana a hanya da surutun maƙwabta, wannan horo a asibitin garinsu shi ne zai sa shawarar "ka je ka ga likita" ta zama abin da zai iya aikatawa.